Darasi: Yadda Ake Riƙe Aikin Fasahar Zamani na Gwamnati

Ma'aikacin da ya shekara ashirin yana aiki da fayil da biro, yau shi ake kira a ce ya shiga kwamitin da zai sa ido a kan kwangilar manhajar biyan albashi, ko ta rajistar ɗalibai, ko ta karɓar haraji. Galibi bai karanci ilimin kwamfuta ba, saboda haka in an zauna taro sai ya ja bakinsa ya yi shiru, ya bar wa ɗan kwangila fili. Domin irin wannan ma'aikaci aka rubuta darasin nan. Za mu bi tarihin wasu ayyuka da aka yi a Amurka da Birtaniya da Najeriya, za ku kuma lura cewa ɓarakar da ta kayar da su tun daga teburin shawara ta samo asali, wurin da ake yanke wa zai jagoranci aiki, yaushe za a buɗe, da me za a rubuta a takardar kwangila. Duk waɗannan hurumin ma'aikacin gwamnati ne, ko da bai taɓa rubuta layi ɗaya na manhaja ba.

Abin da ya faru a Amurka a 2013

A watan Maris na 2010 Shugaba Barack Obama ya sa hannu a kan dokar inshorar lafiya wadda jama'a suka laƙaba wa Obamacare. Dokar ta tanadi a buɗe kasuwa a intanet, inda wanda ba shi da inshora zai shiga ya ga abin da kamfanoni ke sayarwa da farashinsa, a duba ko ya cancanci tallafin gwamnati, sannan ya zaɓi wanda ya yi masa. An tsayar da 1 ga Oktoba, 2013 a matsayin ranar buɗewa. Kowace jiha tana da ikon gina tata kasuwar, wadda ba ta gina ba kuwa gwamnatin tarayya za ta ɗauki mutanenta a shafi guda mai suna HealthCare.gov. Da farko an zaci yawancin jihohi za su yi nasu. Ƙarshenta jihohi 36 ne suka dawo kan wuyan tarayya.

Aikin ya fi yadda ake ganinsa nauyi. Kafin shafin ya gaya wa mutum nawa zai biya, sai ya tambayi kwamfutocin hukumar haraji abin da mutumin yake samu, ya tambayi na ma'aikatar tsaron cikin gida matsayin zamansa a ƙasar, ya tabbatar da lambarsa a wata hukumar daban, daga nan ya aika bayanansa ga kamfanin inshorar da ya zaɓa. An rarraba wannan aiki ga gomman kamfanoni. CGI Federal ya ɗauki babban ɓangaren kasuwar, QSSI ya ɗauki gadar da ke haɗa shafin da sauran hukumomi, wasu suka ɗauki wasu sassan. Hukumar CMS, wadda ke ƙarƙashin ma'aikatar lafiya, ita ta riƙe wa kanta aikin harhaɗa su wuri ɗaya.

Ranar da aka buɗe, mutane suka yi dafifi, shafin ya cije. Wasu ko asusun shiga ba su iya buɗewa ba, wasu suka cika takarda har ƙarshe bayanan suka ɓace. Wata takardar cikin gida da 'yan majalisa suka fitar daga baya ta nuna mutum 6 ne suka kammala rajista a ranar farko. A dukan watan Oktoba waɗanda suka zaɓi inshora ta shafin tarayya ba su kai 27,000 ba. Wannan kuwa a ƙasar da Google da Amazon suke, kan dokar da shugaban ƙasa ya ɗauka ita ce babban aikinsa, bayan shekara uku da rabi ana shiri. Ofishin binciken kuɗi na majalisar Amurka, GAO, ya ce ya zuwa Maris na 2014 an ɗaure dala miliyan 840 a kan aikin. Ba kuɗi aka rasa ba ke nan, kuma ƙasar ba ta rasa ƙwararru ba.

Wa ke da aikin?

Babban mai bincike na ma'aikatar lafiyar Amurka ya fitar da dogon rahoto a 2016, kuma abin da ya sa a gaba cikin dalilan faɗuwar shi ne rashin takamaiman jagora. Masu tsara ƙa'idojin inshora suna wani ofis, masu kula da kwamfuta suna wani, masu ba da kwangila suna wani, fadar shugaban ƙasa kuma tana aiko da nata umarnin. Kowa yana da ta cewa, amma ba a samu mutum ɗaya da za a nuna a ce in aikin nan ya faɗi shi za a tambaya ba. Kowane kamfani yana kawo rahoto cewa nasa ɓangaren yana tafiya, kuma mai yiwuwa gaskiya yake faɗa. Tambayar da ba ta da mai amsa ita ce: in an jona sassan, mutum zai iya shiga daga farko ya fita ta ƙarshe da inshora a hannunsa?

Gargaɗi ya zo. Kamfanin ba da shawara na McKinsey ya yi nazari a farkon 2013, ya ce buƙatun aikin suna ta sauyawa, lokacin gwaji ya yi kaɗan, kuma babu mai yanke hukunci guda. Manya sun saurara, ranar buɗewa ba ta motsa ba. Wannan hali ne da duk wanda ya yi aikin gwamnati ya sani: labari mara daɗi yana raguwa a kowane mataki da ya hau. Injiniya ya ce abu ba ya aiki, shugaban sashe ya rubuta cewa akwai 'yan matsaloli, darakta ya ce ana shawo kansu, kafin a kai ga minista magana ta zama komai lafiya.

Dubi yadda aka ceto shafin. A ƙarshen Oktoba na 2013 Obama ya naɗa Jeff Zients ya riƙe aikin gyaran, aka kuma mayar da QSSI babban ɗan kwangila mai iko a kan sauran. Aka gayyato wasu 'yan tsirarun injiniyoyi daga waje, cikinsu har da Mikey Dickerson na Google. Da suka zo sun tarar babu ko allo guda da ke nuna halin da shafin yake ciki a kowane lokaci, har ta kai masu aikin a labaran talabijin suke jin cewa shafinsu ya tsaya. Abin da suka fara kafawa ke nan. Sannan suka sa taro sau biyu a rana, a tsaye, kowane kamfani ya turo wanda ya san aikin da hannunsa ko da ƙaramin ma'aikaci ne, kuma aka hana neman mai laifi a ɗakin, matsala kawai ake kawowa a warware. Zuwa farkon Disamba an yi gyare-gyare sama da 400, shafin yana ɗaukar mutum 50,000 a lokaci guda. Zuwa Afrilu na 2014 mutum miliyan 8 sun yi rajista a kasuwannin tarayya da na jihohi. Yawancin injiniyoyin da suka yi gyaran su ne dai waɗanda suka gina shi tun farko. Tsarin jagoranci ne aka sauya musu.

Saboda haka tambayar farko da ɗan kwamiti zai yi ita ce sunan mai aikin. Mutum ɗaya ake so, ma'aikacin hukuma, wanda aka sauke masa sauran ayyukansa ko mafi yawansu, aka kuma ba shi ikon cewa wannan za a yi yanzu, wancan sai daga baya. Kwamiti yana da amfaninsa wajen sa ido, amma kwamitin da ke zama sau ɗaya a wata ba zai amsa tambayoyin da masu rubuta manhaja ke tayarwa kowace safiya ba. In ba su samu amsa ba, ko su zauna jira, ko su yi hasashe. Duka biyun kuɗin gwamnati ne ke zurarewa. Kuma kada a miƙa wa ɗan kwangila wannan matsayi. Yana iya gina manhaja, amma ba shi zai tsaya gaban majalisa ko gaban 'yan fansho ba ranar da kuɗinsu suka maƙale.

Gwaji

A zaman da majalisar wakilan Amurka ta yi a ƙarshen Oktoba na 2013, wakilan kamfanonin sun shaida cewa gwajin tsarin gaba ɗayansa, daga farko zuwa ƙarshe, sai a makonni biyu na ƙarshe aka fara shi, alhali aiki irin wannan watanni yake buƙata. Jaridu sun ruwaito cewa a wani gwaji da aka yi ana gab da buɗewa, shafin ya durƙushe da 'yan ɗaruruwan masu shiga. Ga kuma wata shawara da aka yanke a ƙurarren lokaci: aka ce ba wanda zai ga farashi sai ya buɗe asusu tukuna. Sai ya zama wanda ya zo saye da wanda ya zo kallo duk ta ƙofa ɗaya za su kutsa, ƙofar kuma ita ce ta fara karyewa.

Gwaji iri-iri ne, amma uku ya kamata ɗan kwamiti ya riƙe. Akwai gwajin kowane sashe shi kaɗai, wanda ɗan kwangila ke yi da kansa. Akwai gwajin jonawa, inda ake bin hanyar da mai amfani zai bi tun daga shiga har fita, tare da dukan hukumomin da tsarin ke magana da su. Akwai kuma gwajin nauyi, inda ake sa kwamfuta ta kwaikwayi dubban mutane suna shiga lokaci guda, a ga inda abin zai tsinke. Na farkon kusan kullum ana yin sa. Na biyu da na uku su ake yankewa idan lokaci ya ƙure, domin su aka ajiye a ƙarshen jadawali.

Muna da misali a gida. Hukumar zaɓe ta INEC ta fara amfani da shafin IReV na ɗora sakamakon rumfuna a wani zaɓen cike gurbi a jihar Nasarawa a watan Agusta na 2020, ta kuma yi aiki da shi a zaɓukan gwamna na jihohi irin su Ekiti da Osun a 2022. Ranar babban zaɓe, 25 ga Fabrairu, 2023, sakamakon 'yan majalisar tarayya yana hawa, na shugaban ƙasa ya ƙi, sai da dare ya yi aka fara ganinsa. Bayanin da INEC ta bayar a rahotonta shi ne, an tsara manhajar ta riƙa ajiye kowane sakamako ƙarƙashin jiharsa, zaɓen shugaban ƙasa kuwa ba na wata jiha ba ne, sai tsarin ya rasa inda zai ajiye shi. 'Yan adawa da masu sa ido da dama ba su gamsu da wannan bayani ba, kuma muhawarar siyasar ba ta cikin darasinmu. Amma ko a bisa maganar hukumar kanta, ku lura da abin da ya fito: duk zaɓukan da aka gwada shafin a kansu na cikin jiha ne, nau'in zaɓen da ya fi kowanne muhimmanci shi ne bai taɓa bi ta kansa ba. Kurakurai irin wannan ana iya gyara su cikin sa'o'i. Amincewar jama'a da aka rasa a waɗannan sa'o'in ita ce ba ta dawowa da wuri.

Idan ɗan kwangila ya ce an yi gwaji, a tambaye shi wane iri, da bayanan wa, da mutum nawa, kuma a ce ya nuna. Hotunan allo da ake haskawa a ɗakin taro ba shaida ba ne. A ɗauki wayar masinja, a ba shi da kansa ya yi rajista kowa yana kallo.

Kwangila

Dokokin ba da kwangila na yawancin ƙasashe, har da dokar Najeriya ta 2007 wadda ta kafa hukumar BPP, an tsara su ne da tunanin hanya da gada da ginin aji. A irin waɗannan ayyuka injiniya ya san tsawon hanya da kaurin kwalta tun kafin a fara, a rubuta, a yi farashi, in an gama a zo a auna. Manhaja ba ta bin wannan tsari, domin ba a sanin ainihin abin da ake buƙata sai mutane sun fara taɓa ta. Akawun da ya ce yana son abu kaza a wata na farko, in ya gani a allo a wata na shida sai ya gane ba haka yake nufi ba. Dokar da manhajar ke aiwatarwa ma tana iya sauyawa ana tsakar aiki.

A HealthCare.gov an ba da kwangila tun 2011, lokacin da ba a gama rubuta ƙa'idojin inshorar ba, ba a kuma san jihohi nawa za su shigo ba. An yi yarjejeniyar a kan gwamnati za ta biya duk abin da kamfani ya kashe. GAO ya gano kuɗin babban ɓangaren ya tashi daga dala miliyan 56 zuwa sama da miliyan 209 tsakanin Satumba na 2011 da Fabrairu na 2014.

Birtaniya ta sha wadda ta fi wannan ɗaci. A 2002 gwamnatinta ta ƙaddamar da shirin haɗa bayanan marasa lafiya na dukan asibitocin gwamnati na Ingila a kwamfuta. Aka ba manyan kamfanoni huɗu, Accenture da Fujitsu da CSC da BT, kwangiloli masu tsawon shekaru, aka tsara komai daga sama ba tare da an zauna sosai da likitoci da ma'aikatan jinya da za su yi aiki da shi ba. Accenture ya janye a 2006, aka raba gari da Fujitsu a 2008, a 2011 gwamnati ta sanar da wargaza shirin. Kwamitin majalisa mai bin kuɗin gwamnati ya ƙiyasta abin da ya ci ya doshi fam biliyan 10. Wasu sassan sun yi aiki kuma an ci gaba da amfani da su, amma babban burin bai cika ba. Bayan wannan ne a 2014 gwamnatin ta kafa ƙa'idar cewa ba za a ƙara ba da kwangilar fasaha da ta haura fam miliyan 100 ba sai da ƙwaƙƙwaran dalili.

A ganina abin da ya fi amfani ga ma'aikatarmu ta jiha ko ƙaramar hukuma shi ne a daddatsa aiki. A ba da kwangilar wata uku ko shida wadda a ƙarshenta za a ga wani abu yana aiki, ko da ƙarami ne, a biya a kan abin da aka gani, sannan a yanke shawarar ci gaba da wannan kamfani ko a sauya. Kuɗin kafin alƙalami mai tsoka da sauran biya a ranar miƙa aiki yana nufin shekara biyu za a yi ba a san gaskiyar halin da ake ciki ba. Akwai kuma abubuwan da dole su fito ƙarara a takarda: bayanan jama'a mallakar gwamnati ne, rubutun manhajar da aka biya kuɗinsa za a miƙa wa gwamnati, sunan shafin da asusun da yake zaune a kai da sunan hukuma za a yi musu rajista, kalmomin sirri na gudanarwa kuma suna hannun ma'aikatanta. In aka bar waɗannan, ranar da aka saɓa da kamfani sai ya rufe shafin ya tafi, hukuma ta koma roƙon bayananta. A matakin tarayya akwai ƙarin sharaɗi, cewa ayyukan fasaha na ma'aikatu su samu sahalewar hukumar NITDA kafin a ba da su, ga kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023 wadda ta ɗora wa duk mai tara bayanan mutane alhakin tsare su.

Kaɗan-kaɗan

A 2011 Birtaniya ta kafa sashen ayyukan intanet na gwamnati, GDS, bisa shawarar rahoton da Martha Lane Fox ta rubuta a 2010. Su suka gina GOV.UK, wanda aka buɗe a Oktoba na 2012, suka kuma shimfiɗa matakan da kowane sabon aiki zai bi. Matakin farko bincike ne na 'yan makonni, ba a rubuta manhaja, ana dai zama da mutanen da abin ya shafa a gano ainihin damuwarsu. Wani lokaci a nan ake gane cewa manhaja ba ita ce maganin ba, takardar cikewa ce ta yi tsawo ko sa hannu ya yi yawa. Daga nan a yi samfuri na wucin gadi a gwada dabaru, wanda bai yi ba a jefar. Sai a gina na gaske a buɗe wa mutane ƙalilan, a riƙa gyarawa ana ƙara yawansu, kafin a buɗe wa kowa. A tsakanin matakan akwai tantancewa, kuma ana iya tsayar da aiki. Amurka ma bayan abin da ya same ta ta kafa makamantan wannan sashe guda biyu a 2014, 18F da USDS.

Masu sana'ar suna gudanar da aikin yau da kullum a zango-zango, galibi na mako biyu. A farkon zango a zaɓi abubuwan da za a yi daga jerin buƙatu, mafi muhimmanci a sama. A ƙarshensa a nuna abin da ya kammala yana aiki. Mai aikin da muka ambata a baya shi ke jera buƙatun, shi ke cewa wannan ya karɓu ko bai karɓu ba. Amfanin wannan ga ɗan kwamiti a fili yake: kowane mako biyu yana da abin da zai gani da idonsa, ba ya buƙatar ya yarda da rahoton da ke cewa an kai kashi 80 cikin 100. Wannan kashi 80 ɗin, masu aikin manhaja sun san yana iya shekara bai motsa ba.

Hukumar JAMB ta bi hanya mai kama da wannan lokacin da ta koma jarrabawa da kwamfuta. A 2013 ta ba ɗalibai zaɓi tsakanin takarda da kwamfuta, sai a 2015 ta mayar da kowa kan kwamfuta. An ci gaba da samun matsaloli bayan haka, wasu manya, amma shekarun nan biyu sun ba da damar a ga yadda cibiyoyi da wuta da ɗaliban karkara za su kaya kafin a ɗora musu kowa.

Wa'adi da mutanen da zai faɗa kansu

Ranar buɗewa a aikin gwamnati sau da yawa siyasa ce ke sa ta, ko doka, ko ƙarshen shekarar kasafi. Ba kullum ake iya ɗage ta ba. Aiki yana da abubuwa uku da ke jan juna: lokaci, kuɗi, da yawan abin da za a yi. In lokaci ya kafe, ƙara ma'aikata a ƙurarren lokaci ba ya cika taimakawa, domin sababbi sai an koya musu, masu koyarwar kuma su ne masu aikin. Abin da ya rage shi ne a rage kaya. A fitar da abin da ba makawa sai da shi ranar farko, sauran su biyo baya. Wanda zai faɗa wa kwamishina haka yana buƙatar ƙarfin hali, amma gara ya faɗa saura wata uku da ya faɗa saura kwana uku.

A tsakiyar Disamba na 2020 gwamnatin Najeriya ta ba da mako biyu kowa ya haɗa layin wayarsa da lambarsa ta ɗan ƙasa, NIN, ko a rufe layin. A lokacin masu lambar ba su kai miliyan 50 ba, layukan da ke aiki kuwa sun kai wajen miliyan 200. Jama'a suka yi cincirindo a ofisoshin hukumar NIMC ana tsakiyar annobar korona. Aka yi ta ƙara wa'adin, sai a Afrilu na 2022 aka fara hana layukan da ba a haɗa ba yin kira. Matsin ya sa miliyoyi sun yi rajista, wannan gaskiya ne. Amma lissafi mai sauƙi, wato cibiyoyi nawa ake da su, kowace tana yi wa mutum nawa a rana, da ya nuna tun ranar farko cewa mako biyu ba zai yiwu ba. Ku saba da yin irin wannan lissafi a bayan takarda kafin a sanar da kowace rana.

Nan ne kuma maganar mai amfani take shigowa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Manhajar da aka gwada a ofis mai sanyi da intanet mai ƙarfi, a hannun malamar asibitin ƙauye za ta ƙare, mai ƙaramar waya, inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, caji kuma sai an kai shago. Shin tana aiki in babu sabis, ta aika bayanan daga baya? Tana karɓar sunan da ke da ƙ ko ɗ? Me za ta yi da dattijon da bai san ranar haihuwarsa ba, ko manomin da zanen yatsunsa ya shafe, ko iyalin da mutum biyar ke amfani da lambar waya ɗaya? Wanda ba zai iya da kansa ba, ina zai je a taimaka masa ba tare da ya biya ɗan tsakiya ba? Ɗan kasuwa yana iya cewa wanda manhajarsa ba ta yi wa ba ya je wani shagon. Mai neman fansho ko takardar haihuwa ba shi da wata gwamnatin da zai koma wa.

Bayan an yanke ƙyalle

Kasafin kuɗinmu ya saba ware kuɗin gini a matsayin babban aiki na shekara guda, ya manta da na riƙo. Manhaja kuwa ranar da aka ƙaddamar da ita ranar ɗawainiyarta ke farawa: kuɗin hayar manyan kwamfutocin da take zaune a kai, sabunta lasisi, toshe kafofin da ɓarayin intanet ke ganowa, ajiye kwafin bayanai a wani wuri daban da gwada dawo da su, amsa kiran masu ƙorafi, horar da sababbin ma'aikata idan an yi wa tsofaffi sauyin wurin aiki. A nemi ɗan kwangila ya rubuta kuɗin riƙo na shekara uku tun a takardar neman aiki, a kuma sa shi a kasafin yau da kullum. Sannan tun daga watan farko a haɗa aƙalla ma'aikatan hukuma biyu da masu ginin, su koya ana yi, domin horon kwana uku a otal bayan an gama ba ya mayar da kowa mai iya riƙe tsari.

Aikin aji

1. Ku kasu rukuni-rukuni. Kowane rukuni ya zaɓi wata hidima ta gwamnati da aka mayar kan kwamfuta ko waya wadda ɗaya daga cikinku ya taɓa amfani da ita. Ku zana matakan da mutum ke bi daga farko zuwa ƙarshe, ku sa alama a inda aka fi maƙalewa, ku faɗi wane irin gwaji ne da ya gano matsalar.

2. A ce ma'aikatar ilimi ta jiharku tana son manhajar ɗaukar halartar malamai a makarantun firamare 1,200, kuma an ce a buɗe nan da wata shida. Rubuta shafi ɗaya ga babban sakatare: wa kake ba da shawarar ya riƙe aikin, da makarantu nawa za a fara kuma a ina, me za a bari sai daga baya, da sharuɗɗa huɗu da za ka nace a sa a kwangila.

3. Wata cibiyar rajista tana da na'ura 3, kowace tana yi wa mutum 40 a rana, ana aiki kwana 5 a mako. Mutum 60,000 ne ke jira a ƙaramar hukumar. Mako nawa aikin zai ɗauka? Na'ura nawa ake buƙata in ana son a gama cikin mako 10? Ku zo da amsoshinku a zama na gaba.